Kawu Mai Ƙirgar Tsuntsaye

Ranar da Kawu ya rasu, kafin la'asar falonmu na Abu Hail ya cika har takalma suka tare ƙofar maƙwabta. Ban yi zaton haka ba, don a shekara huɗun da ya yi tare da mu a Dubai bai tara jama'a ba. Yawancin waɗanda suka zo don maigidana suka zo: 'yan kasuwar Naif da suke salla tare, da 'yan gida masu aikin ofis. Ina ɗaki tare da mata, ƙofa a buɗe kaɗan, ina jin abin da maza ke faɗa.

Wani Alhaji mai harkar takalma ya tambayi maigidana, "Wai marigayin likita ne? Na ji ana ce masa dakta."

Maigidana ya ce, "Ba na mutane ba ne, Alhaji. Namun daji ya karanta. Tsuntsayen ruwa ya yi wa aiki, da wata dabba ta ƙasar ƙanƙara."

"Magani yake ba su?"

"A'a. Ƙirga su yake yi."

Wani ya fara dariya, ya mai da ita tari. Alhajin ya ce, "Allah Sarki. To, Allah ya jiƙansa."

Matar da ke kusa da ni, mai kai jakunkuna Kano, ta raɗa mini, "Duk zaman da ya yi a ƙasar Turawa, ko gida ɗaya bai gina ba?" Na ce bai gina ba. Ta girgiza kai ta ce, "Khalas, shi ke nan, ya huta."

Mutum ɗaya ne ya yi kuka a cikin mazan, wani dattijo ɗan zangon Kumasi, direban motar da ke kai masu wankin ƙoda asibiti. An ba shi kujera ya ƙi, ya zauna a ƙasa kusa da takalma, hularsa a hannu. Da aka matsa masa da haƙuri sai ya ce, "Ku ba ku san wa kuka rasa ba. Mutumin nan mutum ne paa, mutum na gaske."

Ni 'yar ƙanwarsa ce. Ɗansa ɗaya yana Kanada, ba ya jin Hausa, kuma bai san garinmu ba. Idan ban rubuta ba, abin da zai rage na Kawu a bakin mutane shi ne wannan dariyar da aka mai da tari. Shi ya sa na zauna in rubuta.

Dogo ne, siriri, mai ɗan doro irin na wanda ya daɗe yana sunkuyar da kai don shiga tanti. Hannunsa na hagu yatsu uku ne, sanyi ya ci biyun. Idan yara suka tambaye shi sai ya ce, "Na bar su can, suna jira na." Ba ya son na'urar sanyaya ɗaki. A tsakiyar zafin Dubai, lokacin da kowa ke ɓuya, shi sai ya ja kujera baranda ya zauna yana gumi. Na taɓa ce masa, "Kawu, ka shigo, zafin nan zai yi maka illa." Ya ce, "Uwata, na ji sanyin da zai ishe ni har kabari." Uwata yake ce mini, domin sunan mahaifiyarsu aka sa mini, kuma ban taɓa jin ya furta sunan ba.

Garinmu yana bakin fadamun da ke tsakanin Haɗeja da Nguru. Kakanmu masunci ne. Kawu ya ce yana makarantar firamare wata agwagwar ruwa ta faɗa komar mahaifinsa, da zoben ƙarfe a ƙafarta, an yi rubutun da babu wanda ya iya karantawa, har malaminsu. Aka yanka agwagwar aka ci, shi kuma ya riƙe zoben da tambayarsa: daga ina take, kuma wa ya damu da ita har ya sa mata alama? Tambayar ce ta kai shi jami'a, daga nan ta kai shi Kanada. Yakan yi dariya ya ce ya tafi neman garin agwaginmu ne ya ɓata hanya, don waɗanda ke zuwa fadamarmu daga wani gefen duniya suke tasowa, ba daga inda ya je ba.

Can arewa mai nisa ya yi aikinsa, inda babu bishiya ko ɗaya, kuma rana ba ta faɗuwa a wasu watanni. Ya ce shekararsa ta farko ya rasa yadda zai yi da salla, sai ya ɗaura agogo biyu, ɗaya na aiki, ɗaya na garin da ya fi kusa wanda ke da dare da rana. Fararen dinyoyi ne ke zuwa wurin su yi ƙwai, har ƙasa ta yi fari kamar an shanya auduga. Aikinsa shi ne ya bi sheƙa ɗaya bayan ɗaya, ya kafa ɗan tsinke mai lamba, ya rubuta ƙwai nawa ne, ya dawo ya ga nawa suka ƙyanƙyashe. Watanni yake yi a haka, cikin laka mai sanyi da sauron da ya ce na fadamarmu wasa ne a kansa.

Sai kuma beyar ƙanƙara. Na ga hotonta a wurinsa: dabba fara, mai gashi, namijin ya fi sa nauyi, tafin ƙafarsa ya kai faranti. A kan ƙanƙarar teku take farauta, tana tsaron ramin da wata dabbar ruwa mai kitse ke leƙowa ta sha iska. Su Kawu sukan bi ta da jirgi mai saukar ungulu, su harba mata allurar barci, su auna ta, su sa wa matan wani abin wuya mai nuna inda suke. Mazan ba a sa musu, ya ce, don wuyansu ya fi kansu kauri, abin zamewa yake yi. Na tambaye shi ko ba ya jin tsoro. Ya ce, "Kullum. Ranar da ka daina jin tsoronta, ranar za a kwashe ka a buhu."

Ba mai yawan labari ba ne. Abin da na sani na tsinta ne a hankali, yawanci a ɗakin wankin ƙoda, inda yake kwanciya awa huɗu, jininsa na zagayawa a cikin roba, ba shi da inda zai gudu daga tambayoyina.

A nan ya ba ni labarin shekarar da ƙanƙara ta narke da wuri. Beyoyin suka rasa wurin farauta, suka sauko tudu da yunwa tun dinyoyi suna kan ƙwai. Yana tsaye daga nesa da madubin hangen nesa ya ga ɗaya ta shiga cikin sheƙun da ya yi makonni yana sa wa lamba. Ba ta gaggawa. Ta kori uwar, ta shanye ƙwan, ta matsa sheƙa ta gaba, kamar mai tsinkar kuɓewa a gona. Dinyoyin suna ta kuka a kanta, ba ta ko ɗaga kai ba. Washegari ya bi sawunta, ya tarar da tsinkayensa a tsaye, kowanne da ɓawon ƙwai a gindinsa.

Na ce, "Ba ka kore ta ba?"

Ya ce, "In kore ta zuwa ina? Ita ma ba ta ƙoshi ba. Ƙwai ba ya riƙe dabba irin wannan. Ta ci nasu, ita ma ta rame." Ya juya kansa wajen bango. "Da na fara aikin nan ina ƙaunar dabba biyu ne. Na gama ina kallon ɗaya tana cin ɗaya."

Akwai wata beyar mace da ya sani tun tana da ƙiba, ya taɓa auna ta da 'ya'yanta biyu a gefe. Bayan wasu shekaru ta zo sansaninsu da hantsi, ita kaɗai, fatarta na lilo a ƙashi. Suka harba bindiga sama, suka buga garwa, ba ta juya ba. Ta nufi tantin da abokiyar aikinsa take ciki. Kawu ya yi bisimilla ya harbe ta. Da ya duba lambar kunnenta ya gane ta. Suka buɗe cikinta kamar yadda aiki ya ce, babu komai sai ciyawar teku da guntun igiya. Ya ce mini ya rubuta duk wannan a takarda da hannunsa, ya sa hannu, aka kai ofis, aka sa a durowa.

Wata ma'aikaciyar jinya ta taɓa tambayarsa ko aikin nasa ya gyara wani abu. Ya ce, "A'a. Ni shaida ne kawai." Na ji haushin amsar, na ce masa a mota bai kamata ya riƙa rage kansa a gaban mutane ba. Ya ce, "To me zan ce mata? Na faɗa musu ƙanƙara na tafiya, suka gode mini, suka ba ni lambar yabo ta katako."

Amma abin da ya fi ci masa rai ba can yake ba, yana gida.

Umma, mahaifiyata, ta yi shekara talatin ba ta yi masa magana ba. Tun ina ƙarama na san ba a ambatonsa a gidanmu, sai a ce "na Turai". Abin da aka gaya mana shi ne Kaka ta rasu yana can cikin ƙanƙara, saƙo bai same shi ba sai bayan an yi sadakar bakwai. Ni kuwa ina ganin Umma ta cika riƙo. Laifin me mutum ya yi idan saƙo bai iske shi ba?

Da ciwon ƙoda ya kama shi, aurensa na can ya daɗe da mutuwa, sanyi ya hana ƙasusuwansa sakat, ni na ce ya zo wurinmu. Umma ba ta hana ni ba. Cewa kawai ta yi, "Gidanki ne." Wata rana a baranda na ce masa zan yi wa Umma magana, tunda ba da gangan ya yi ba.

Ya ce, "Wa ya ce miki ba da gangan ba ne?"

Sai ya gaya mini. Saƙon ya same shi Kaka tana da rai. Ƙaramin jirgin da ke kawo musu abinci ne ya zo da takardar, Umma ce ta sa aka rubuta: Inna ba lafiya, tana kiranka. Matuƙin ya ce akwai kujera, in zai bi shi. Amma saura kwana goma ƙwai su fara ƙyanƙyashewa, kuma shi kaɗai ya san sheƙun. Idan ya tafi aikin shekarar ya lalace. Ya ce wa kansa Inna mai ƙarfi ce, za ta jira. Ya tsaya yana kallon jirgin ya tashi. Kwana shida bayan nan ta rasu.

Da ya isa gida, kowa ya ɗauka saƙon ne ya makara, ana ta ba shi haƙuri. Ya ja Umma bayan rumbu ya gaya mata gaskiya. Ya ce ta dube shi ta ce, "Yaya, da ka yi mini ƙarya." Daga ranar ba ta sake ce masa uffan ba. Ba ta kuma gaya wa kowa ba, har mu 'ya'yanta. Ta bar shi da mutuncinsa a gari, ta ɗauke masa kanta.

Na ce, "To ƙwan fa, Kawu?" Ban san me ya sa na tambaya ba.

Ya ce, "Sun ƙyanƙyashe. Shekara ce mai kyau."

Kwana biyu ban iya kallon fuskarsa ba. Ina kai masa abinci in ajiye in fita. Bai nemi in sassauta ba, bai kuma daina ce mini Uwata ba.

Abin da ya haɗa shi da direban nan ɗan Kumasi, daga baya na ji shi. Sau uku a mako yake ɗaukar Kawu, kuma kullum a gaba Kawu ke zama. Wata safiya ya ga direban ba ya hira, ya tambaye shi. Direban ya ce an bugo masa waya matarsa na kwance a Gana, amma hutunsa sai bayan wata biyu, kuma yana tsoron in ya matsa a ba wani motar. Ya ce zai ɗan jira ya ga yadda jikin zai yi.

Kawu ya ce masa, "Tsaya a nan." Ya tsaya a gefen titi, marasa lafiya na baya suna ta yalla, yalla, wato a tafi. Kawu ya kama hannunsa da yatsun nan uku ya ce, "Yau za ka tafi. Ba gobe ba."

Da suka isa, Kawu ya ƙi hawa gadon wanki. Ya tafi ofishin mai kula da direbobi ya zauna, ƙafafunsa a kumbure, ya ce ba zai tashi ba sai an sa hannu a takardar hutun. Aka ce shwaiya shwaiya, a hankali, Baba, ka je a yi maka wanki tukuna. Ya ce shi ya saba jira, ya taɓa kwana uku a kwance a kan ƙanƙara yana tsaron rami ɗaya. Aka kira ni daga wurin aikina. Na zo a fusace, na same shi numfashinsa na fita da ƙyar. Na ce, "Kawu, kashe kanka za ka yi a kan maganar da ba taka ba?" Ko kallona bai yi ba. Kafin azahar aka sa hannu. Direban ya tafi a ranar, ya sami matarsa da rai, ta gane shi, ta sha ruwa a hannunsa. Kwana biyu bayan nan ta cika.

Da ya dawo ya kawo wa Kawu goro da wani yadi. Kawu ya karɓi goron, ya ce a ba ni yadin, bai yarda aka sake tada maganar ba.

A watanninsa na ƙarshe jikin ya ƙi. Wankin ba ya riƙe shi, suga kuma ya taɓa idanunsa. Na kira Umma na ce mata likita ya ce a shirya. Sai ta ce, "Ba shi wayar."

Na sa masa a kunne, ina jin muryarta kaɗan kaɗan.

Ya ce, "Ke ce?"

Ta ce, "Ni ce, Yaya."

Ya ce, "Ki yafe mini."

Ta ce, "Ba ni ka yi wa ba." Can ta ce, "Har ranar ƙarshe Inna tana cewa a bar ƙofar zaure a buɗe. Ni na rufe ta da hannuna." Ya rufe ido. Ta ce, "Allah ya yafe mana baki ɗaya. Kana cin abinci?" Ya ce yana ci. Ta ce to, ta kashe.

Ban sani ba ko wannan yafiya ce. Na tambaye shi, ya ce, "Ta kira ni Yaya." Da ya rasu 'yan Naif suka ce za su taimaka a kai gawar gida, Umma ce ta ce a binne shi inda Allah ya karɓe shi. Ƙanwata ta gaya mini kwana uku Umma ba ta fito daga ɗaki ba.

Akwai wani wuri a ƙarshen Khor, mashigin tekun Dubai, inda ruwan teku ya shigo ya kwanta a cikin laka, titin mota ya zagaye shi, dogayen benaye na tsaye a bayansa. Tsuntsayen ruwa na sauka can idan sanyi ya shigo, har da wasu dogaye masu ƙafa kamar kara, jikinsu ja-ja. Tun zuwansa yake sa a kai shi duk lokacin da jiki ya yarda. Yana da ƙaramin littafi mai baƙin bango da fensir ɗaure da zare. Babu wanda ya sa shi, babu ofishin da ke jiran rahotonsa. Zai zauna a rumfar katakon da aka yi wa masu kallo, ya rubuta rana da wuri da inda iska ke busowa, sannan ya fara ƙirga, leɓensa na motsi kamar mai jan carbi.

Wata Asabar da safe ya ce in kai shi. Maigidana ya ɗauke shi cak ya sa a mota, don ƙafafun sun daina ɗaukarsa. Muka tura shi a keke har cikin rumfar. Ranar tsuntsayen sun zo sosai, kukansu ya cika wurin. Ya ɗago madubinsa ya sa a ido, ya murɗa, ya sauke, ya goge da bakin riga, ya sake sawa. Ya daɗe a haka.

Ya ce, "Uwata, suna nan?"

Na ce, "Suna nan, Kawu. Da yawa. Ga su nan gabanka."

"Ina jin su."

Na karɓi madubin na ce bari in ƙirga masa. Na fara, amma ba sa tsayawa, wasu na tashi wasu na sauka, na kai wani wuri na rikice, na sake farawa na sake rikicewa. Da na ga yana jira da fensir a hannu, sai na faɗi wata lamba da na ga kamar ta yi daidai.

Ya ce, "Kin ƙirga, ko kin kintata?"

Na ce, "Na kintata."

Ya gyaɗa kai, bai yi fushi ba. Ya ce in buɗe masa sabon shafi in ɗora masa bakin fensirin a kan layi. Ya rubuta ranar, ya rubuta wurin, ya jiƙa yatsa ya ɗaga sama ya rubuta iska daga arewa. Rubutun ya karkace ya hau kan juna. A inda lambar ke shiga ya tsaya kaɗan, sannan ya rubuta da Hausa, shi da duk littattafansa da Turanci yake cika su: Ban gani ba.

Ya rufe littafin ya miƙo mini. Ya ce, "Mu tafi gida, rana ta yi."

Kwana tara bayan nan, da hantsi, ya cika, kalmar shahada a bakinsa, hannunsa mai yatsu uku a cikin nawa.

Ya Allah, ga bawanka nan ya zo maka. Ka san abin da ya yi da abin da ya kasa yi, bai ɓoye ko ɗaya ba. Ka yafe masa, ka yalwata masa makwanci a ƙasar da ba tasa ba, ka sada shi da mahaifiyarsa tana mai yarda da shi. Mu kuma da muka rage, ka sa mu cika da imani.